Inda Layi Yake Ɓacewa: Nazarin Matsalolin Fitar da Zanen Tsaga na Gine-gine a Sigar Bekta

Tsakure

Zanen tsaga shi ne wanda yake nuna gini kamar an yanka shi daga rufi har harsashi. A cikin zane-zanen gini shi ya fi saurin lalacewa idan aka fitar da shi daga manhajar ƙira zuwa fayil ɗin PDF ko DWG ko SVG: wasu layuka su ɓace, wasu su ninku, ciko ya ƙi zama, sikeli ya goce, ko duk zanen ya rikiɗe ya koma hoto. Wannan takarda ta kasa tafiyar zanen zuwa matakai biyar, ta kuma fito da irin tabon da kowane mataki yake bari idan shi ne ya jawo matsala. Matsayinta shi ne, akasarin abin da ake kira matsalar fitarwa an haife shi ne tun kafin a kai ga fitarwar, domin abin da mai zane yake gani a sikirin da abin da manhaja take rubutawa a fayil ba lissafi ɗaya ne ya samar da su ba.

1.0 Gabatarwa

Aikin mai zanen gini ba ya ƙarewa a kan sikirin. Dole zane ya fita ya je wa injiniya ya ɗora masa lissafin ƙarfe, ya je wa mai ƙididdigar kayan aiki, ya je hukumar tsara birane neman izini, daga ƙarshe ya isa hannun magini a kan takarda. A wannan tafiya zanen tsaga ne yake yawan isa da rauni. Yana ɗauke da layuka iri biyu: na abin da wuƙa ta ratsa, da na abin da ido ya hango a bayan yankan. Babu abin da yake bambanta wa mai karatu waɗannan biyun sai kaurin layi da ciko. Idan suka lalace, dakin da aka yanka da gefen bim da aka hango daga nesa sai su zama abu guda a idon magini.

Ana iya cewa fulan ma tsaga ce, sai dai a kwance. Haka ne, amma manhajoji da yawa suna zana ƙofa da taga da matattakala a fulan da shiryayyun alamomi, alhali a tsaga sai an lissafo kowane layi daga ainihin jikin samfurin. Duk wani ha'incin da aka yi wajen gina samfuri, a tsaga yake tonuwa.

Manufar takardar ita ce samar da tsarin bin diddigi da zai maye gurbin lalube cikin duhu, wato sauya saituna ɗaya bayan ɗaya har a dace.

1.1 Kalmomin da aka yi amfani da su

Bekta na nufin zanen da aka adana a matsayin lissafi: layi daga wuri kaza zuwa wuri kaza, mai kauri kaza. Rasta kuwa hoto ne na ɗigo-ɗigo, wanda yake dishewa idan aka faɗaɗa shi. Samfuri shi ne ginin da aka ƙera a kwamfuta da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. Faifan yanka shi ne shafin da aka ratsa samfurin da shi. Ciko shi ne baƙi ko saƙar da ake cika jikin abin da aka yanka da ita. Raga ita ce fatar samfuri idan an gina ta da ƙananan alwatikai. Rangwame shi ne mafi girman tazarar da manhaja take yafewa ta ɗauki maki biyu a matsayin ɗaya. Cibiya ita ce wurin da dukkan awo yake farawa daga sifiri.

2.0 Waiwaye a kan ayyukan da suka gabata

Masana tarihin gine-gine sun daɗe suna nazarin tsaga a matsayin hanyar tunani. Vitruvius ya ambaci nau'o'in zane uku, ba a kuma sami tsaga ƙarara a cikinsu ba. Wasiƙar da Raphael ya aika wa Fafaroma Leo na Goma wajajen 1519 ita ce ake yawan kafa hujja da ita a kan cewa a bayyana gini da fulan da fuskar waje da fuskar ciki. Palladio ya yaɗa tsarin a littafinsa na 1570, sannan Gaspard Monge ya ba shi tushen lissafi a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18. Robin Evans a 1986 ya ja hankali a kan cewa zane ba ya ƙetarawa zuwa gini ba tare da wani abu ya sauya a hanya ba. Waɗannan ayyuka sun yi bayanin ma'anar tsaga, amma ba su shiga cikin fayil ba.

A ɗaya ɓangaren akwai masana zanen kwamfuta. Lawrence Roberts a 1963 da Arthur Appel a 1967 sun samar da dabarun farko na cire layukan da wani jiki ya kare. Sutherland da Sproull da Schumacker sun kwatanta dabaru goma a 1974, suka nuna cewa dukkansu aikin jerantawa ne. A wannan shekara ce Edwin Catmull ya bayyana dabarar ma'ajiyar zurfi, wadda take duba kowane ɗigo na sikirin ta ajiye abin da ya fi kusa da ido. Ita ce katin hoto na kowace kwamfuta yake aiki da ita a yau.

Rukuni na uku shi ne littattafan jagora na kamfanonin manhaja da shawarwarin ma'aikata. Amfaninsu a fili yake, sai dai kowanne yana magana ne a kan manhaja ɗaya, kuma yawanci yana farawa daga akwatin saitunan fitarwa. A ganin wannan takarda, nan ne ake barin jaki ana dukan taiki.

3.0 Hanyar nazari

An dogara ne a kan abubuwa biyu: bayanan da aka wallafa na tsare-tsaren fayil da na manhajojin AutoCAD da Revit da Rhino da SketchUp, da kuma lissafin da kowa zai iya maimaitawa. Domin lissafin ya sami madafa, an ɗauki ginin misali: bene mai hawa ɗaya, bangon bulo inci tara mai kaurin milimita 225, dakin mai milimita 150, da baka a mashiga mai nisan mita 2 daga tsakiya zuwa baki. Za a fitar da tsagarsa a takardar A1, mai milimita 594 da 841, a sikelin 1:50.

Zanen yana bin matakai biyar: samfuri, lissafin yanka, ado, tsarin fayil, sai manhajar karantawa. An bi su ne daga ƙarshe zuwa farko. Dalili shi ne gwajin matakin ƙarshe ba ya cin minti biyu, na farko kuwa yana iya cin yini, don haka bai kamata a buɗe samfuri ana tona ba alhali ba a tabbatar laifin yana cikin fayil ɗin ba.

4.0 Nazari

4.1 Manhajar karantawa

Wasu matsalolin ba sa cikin fayil ko kaɗan. Idan aka cusa takardar A1 a kwance cikin sikirin mai ɗigo 1920 a faɗi, kowane ɗigo yana wakiltar kusan milimita 0.44 na takarda. Ke nan layuka masu kaurin milimita 0.13 da 0.18 da 0.25 da 0.35 duk sun gaza ɗigo ɗaya. Wata manhajar za ta dusashe su, wata kuma, kamar Acrobat idan an kunna zaɓin ƙarfafa siraran layuka, za ta mayar da su kauri ɗaya. Haka nan fararen zare da suke ratsa baƙin ciko: wasu manhajoji suna fitar da ciko a matsayin alwatikai maƙwabta, sai dabarar sassauta gefe ta bar haske a mahaɗarsu.

Gwajin a nan mai sauƙi ne. A faɗaɗa zanen sosai. Idan farin zaren bai ƙara kauri ba yayin da komai yake ƙaruwa, ƙarya ce ta sikirin. A kuma buɗe fayil ɗin da manhaja ta biyu, sannan a buga yanki ɗaya a takarda a cikakken girmansa.

4.2 Tsarin fayil

Kowane tsari yana da abin da ya iya ɗauka. DXF ya fito tare da AutoCAD a 1982, kuma shi da DWG suna adana gini a ainihin girmansa, da lambobin da ba su da raka'a sai abin da saitin INSUNITS ya faɗa. PDF, wanda Adobe ya fitar a 1993 ya kuma zama ma'aunin ISO 32000 a 2008, takarda ya sani: awonsa ɗaya bisa 72 ne na inci. SVG, wanda ya tabbata a 2001, yakan bi ɗigo 96 a inci, kodayake Inkscape ya yi amfani da 90 har zuwa fitowar 0.92 a 2017.

Daga wannan saɓani ne gocewar sikeli take fitowa, kuma girman kuskuren shi yake faɗin inda aka yi shi. Bangon ginin misali ya kamata ya auna milimita 4.5 a takarda. Idan ya fito 6.0 ko 3.4, rikicin 72 da 96 ne. Idan 4.8 ne ko 4.2, rikicin 90 da 96 ne. Idan kuskuren ninki 25.4 ne, an karanta inci a matsayin milimita ko akasin haka. Idan ninki 1000 ne, mita da milimita ne suka cakuɗe. Kuskuren 'yan kaso kaɗan cikin ɗari kuwa, kusan kullum zaɓin daidaita zane da shafi ne aka bari a kunne. Saboda haka ya dace kowace tsaga ta ɗauki sandar sikeli da aka zana a jikinta, domin rubutun 1:50 ba ya sauyawa idan zane ya tsuke, sanda kuwa tana tsukewa tare da shi.

Abu na biyu shi ne shara-shara. PDF bai san jikin da ake hango wani ta cikinsa ba sai a fitowar 1.4 ta 2001, leya kuma sai a 1.5 ta 2003. Idan aka adana tsaga mai gilashi shara-shara a tsohon tsari, ko a EPS, manhaja za ta daddatsa wurin ta mayar da shi gutsattsari, wasu ma hotuna. Layin da ya ratsa irin wannan wuri yakan fito rabi bekta rabi rasta, da ɗan tudu a mahaɗa.

Na uku, lanƙwasa. PDF ba shi da da'ira. Da lanƙwasar Bézier yake kwaikwayonta. Idan aka yi da'ira da guntaye huɗu, kuskuren bai kai kashi 0.03 cikin ɗari na rabin faɗinta ba, wato kusan rabin milimita a bakan ginin misali, wanda a takarda ido ba zai gan shi ba. Wannan ba abin damuwa ba ne wajen bugu. Inda yake zama matsala shi ne idan injiniya ya dawo da PDF cikin AutoCAD da umarnin PDFIMPORT yana son ya auna. Direban PDF yana ɗora maki a kan wata raga gwargwadon ƙimar da aka saita masa. A ɗigo 600 cikin inci, tazarar ragar milimita 0.042 ce a takarda, wato fiye da milimita 2 a jikin gini. Bangon 225 zai dawo 224 da wani abu ko 226 da wani abu. Wanda zai ci gaba da aiki a kan zane, DWG ya kamata a ba shi.

Akwai kuma batun rubutu. Zubin harufan SHX na AutoCAD yana fita a PDF a matsayin layuka. Zubin TrueType kuma idan ba a cusa shi cikin fayil ba, kwamfutar mai karɓa za ta musanya shi da wani mai faɗi dabam, sai lambobin awo su hau kan layuka. Ga mai sanya wa zane sunaye da Hausa akwai ƙarin tarko. Harufan ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, suna da gurbinsu a Unicode, amma zubin harufa da yawa ba su ƙunshe su ba, kuma DXF bai koma UTF-8 ba sai daga fitowar 2007. Idan kalmar ɗaki ta fito da alamar tambaya ko akwati a madadin harafin farko, a duba waɗannan biyun.

4.3 Ado: kauri da ciko

Ma'aunin ISO 128 ya jera kaurin layi kamar haka: 0.13, 0.18, 0.25, 0.35, 0.5, 0.7, 1.0, 1.4 da 2.0. Kowanne ya ninka na bayansa da kusan 1.4, daidai da yadda takardun A suke ƙaruwa, don haka zanen da aka rage daga A1 zuwa A2 yana sauka ne a kan kauri na baya a jerin. Daga A1 zuwa A3 rabi ake samu: 0.5 ya koma 0.25, amma 0.13 ya koma 0.065, wanda ƙaramar firinta za ta iya haɗiye shi. Tunda sau da yawa kwafin A3 ne yake yawo a wurin aiki, bai kamata layi mafi siranta a A1 ya gaza 0.18 ba.

A AutoCAD kauri yakan zauna ne a wajen zanen, cikin fayil ɗin CTB da yake fassara launi zuwa alƙalami. Aika DWG ba tare da CTB ɗinsa ba tamkar aika kwaɗo ne babu mabuɗi: mai karɓa zai ga layuka masu launi bakwai da kauri ɗaya. Layin da aka ba kauri sifiri shi ma abin lura ne, domin a PDF ma'anarsa ita ce mafi siranta da na'ura za ta iya. A sikirin ɗigo guda ne bayyananne, a babbar firinta mai ɗigo 1200 cikin inci kuwa milimita 0.02 ne.

Saƙar ciko tana da matsalarta ta yawa. Saƙar kankare ko ta ƙasa da aka ba sikelin da bai dace ba tana iya haifar da dubban ɗaruruwan guntaye, fayil ya yi nauyi, ko manhaja ta ƙi zana ta idan ta wuce iyakar da aka gindaya, kamar HPMAXLINES a AutoCAD. Sannan PDF da SVG suna da ƙa'idoji biyu na tantance cikin siffa da wajenta, ɗaya tana ƙirga sau nawa aka ƙetara iyaka, ɗayar tana lura da alƙiblar zagaye. Idan mai rubutawa ya nufi ta farko mai karantawa ya ɗauki ta biyu, ramukan da suke cikin ciko, irin su ramin bulo ko bututu, sai su toshe.

4.4 Lissafin yanka da ɓoyayyun layuka

Nan ne gizo yake saƙa. Tsagar da ake gani a sikirin aikin ma'ajiyar zurfi ce, wadda ba ta san layi ba, ɗigo kawai ta sani. Ba ruwanta da ko bango a rufe yake, ko ginshiƙi da dakin sun haɗu da gaske. Abin da ya fi kusa take fentawa. Fitar da bekta kuwa tana bukatar wani lissafin dabam, jikan na Roberts da Appel, wanda zai ɗauki kowane gefe ya gwada shi da kowace fuska, ya nemo takamaiman wurin da ya shige bayan wani abu, ya datse shi a nan. A mafi munin hali, aikin yana ƙaruwa ne da ninkin adadin gefuna a kansa: a ninka gefuna sau goma, aikin ya ninku sau ɗari. Shi ya sa umarni irin su Make2D a Rhino ko FLATSHOT a AutoCAD suke daskarewa a kan samfurin da yake juyawa lafiya a sikirin. Kujera ɗaya da aka sauko da ita daga intanet, ko bishiya mai ganye dubbai a bayan taga, tana iya fin dukkan ginin yawan gefuna. Matso da iyakar hange ta baya, da ɓoye duk abin da ba zai fito a 1:50 ba, sukan warware wannan.

Bambancin lissafin biyu shi yake bayyana alamomi huɗu da aka fi kuka da su.

Ta farko, layin da ake gani a sikirin amma babu shi a fayil. Idan rufi mai gangara ya kutsa cikin bango ba tare da an lissafa mahaɗarsu ba, ido yana ganin layi saboda launi ya sauya, alhali babu gefe a wurin. A SketchUp sai an umarci fuskokin su ratsa juna kafin gefen ya samu.

Ta biyu, layin da bai kamata ya fito ba, kamar wanda yake raba bim da dakin alhali zubin kankare ɗaya ne. A Revit ba ya gushewa sai an haɗe jikunan biyu kuma kayan da aka ba su iri ɗaya ne.

Ta uku, layuka masu ɓullowa suna nutsewa. Yawanci faifan yanka ne ya kwanta daidai a kan fuskar bango ko tsakiyar mahaɗa, sai lissafi ya rasa ko fuskar tana gaba ko tana baya. Gusar da faifan da 'yan milimitoci ya wadatar. Fuskoki biyu da suka kwanta a kan juna, kamar filasta marar kauri a jikin bulo, su ma haka suke yi.

Ta huɗu, ninki da gutsurewa. Layin yanka da gefen da yake bayansa daidai sukan fito tare, ɗaya a kan ɗaya. Layi mai tsinke-tsinke da ya ninku yakan koma miƙaƙƙe, kuma idan fayil ɗin na'urar yanka ta lesa za a kai wa, sau biyu za ta bi wurin ta ƙone kwali. Gutsurewa kuma tana ɓata kusurwa: guntaye biyu masu kaurin 0.7 da suka haɗu ba tare da an ɗinke su ba suna barin giɓi a gwiwa, domin kowanne da bakinsa yake ƙarewa. OVERKILL a AutoCAD da SelDup a Rhino suna share ninki, sannan a ɗinke guntayen. Sai dai wannan shara ce ta bayan fage, duk sanda samfuri ya sauya sai an sake ta.

Akwai kuma lokacin da manhaja take janyewa daga bekta gaba ɗaya. Revit yana komawa rasta idan an kunna inuwa, ko launin haske da duhu, ko layuka masu kama da zanen hannu, ko dusashewar nesa, ko girgijen maki. Yakan yi gargaɗi, amma gargaɗi ne da ake saurin rufewa. A LayOut na SketchUp kuwa kowace tagar hangen samfuri tana da zaɓi uku, rasta da bekta da gauraye, kuma mai zane ne zai zaɓa wa kowace.

4.5 Samfuri

Ciko yana bukatar rufaffiyar iyaka, rufaffiyar iyaka kuma ba ta samuwa sai daga rufaffen jiki. Bangon da aka gina da fuskoki biyar aka manta ta shida, ko wanda gefunansa suka rabu da tazarar da ta wuce rangwame, zai bayar da buɗaɗɗen layi a wurin yanka, sai ya fito fanko. Rhino yana da umarnin ShowEdges da yake haska irin waɗannan gefuna. Faɗaɗa rangwame domin su haɗu da ƙarfi ba magani ba ne, domin rangwamen da ya kai kaurin gilashi zai haɗiye gilashin.

Sai nisa daga cibiya, wanda a ganin wannan takarda shi ne dalilin da aka fi jahilta. Safiyo yakan miƙa zanen fili da lambobin UTM, mai zane kuma ya gina samfurinsa a kai kai tsaye. Fili a Kano, alal misali, yana da nisan kusan mita 1,327,000 daga layin ikwaita. Manhajojin ƙira suna adana lambobi a gurbi mai bit 64, wanda yake riƙe alƙaluma 15 zuwa 16, amma katin hoto da ragar nuni da wasu hanyoyin fitarwa suna amfani da mai bit 32, wanda bai wuce alƙaluma bakwai ba. A wannan nisa, tazarar da take tsakanin lamba da mai bi mata a ƙaramin gurbi mita 0.125 ce. Bangon 225 bai cika taki biyu ba. Abin da ake gani shi ne layuka masu karkarwa, baka mai haƙora, da ciko da ya zame daga iyakarsa. Revit ma ya iyakance aiki cikin kewayen mil goma daga cibiyarsa ta ciki. Gyaran shi ne a gina samfuri kusa da sifiri, a ajiye dangantakarsa da lambobin safiyo a matsayin saiti dabam.

Na ƙarshe shi ne raga. SketchUp yana yin da'ira da guntaye 24 idan ba a sauya ba. A bakan ginin misali, tsakiyar kowane guntu yana kaucewa daga ainihin lanƙwasa da milimita 17, wato 0.34 a takarda, kaurin layi guda cur, kuma ido yana kama shi. Da guntaye 96 kaucewar ta sauko kusan milimita 1. A sikirin ba a lura, domin an sassauta inuwar fuskokin. Yanka ne yake fallasa su. Babu saitin fitarwa da zai mayar da lanƙwasar da ba a gina ba.

Akasin wannan yana faruwa a aikin adana tsofaffin gine-gine da aka ɗauko da na'urar lesa ko daga hotuna. Ginin ƙasa irin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a ƙarni na 19, ba shi da miƙaƙƙen layi: bango yana tsukewa yayin da yake tashi, bakan gizo yana lanƙwasa yadda hannun magini ya kai shi. Lokacin da Dmochowski da mataimakansa suka auna irin waɗannan gine-gine da hannu, aikin da aka wallafa a 1990, mai zane ne yake zaɓar layi guda. Ragar na'ura kuwa tana da miliyoyin alwatikai, kuma kowace alwatikar da faifai ya ratsa guntu ɗaya take bayarwa. Dabarar Douglas da Peucker ta 1973 tana rage makin, amma dole a ɗauko rangwamenta daga takarda: milimita 0.1 a 1:50 daidai yake da milimita 5 a jikin gini. Wuce haka da yawa zai miƙar da abin da magini ya tanƙwara da gangan. Ban da haka, na'ura fata kawai take gani, ta ciki da ta waje. Azarar da take cikin baka da tubalin da yake cikin bango ba sa cikin ragar, don haka duk cikon da aka sa tsakanin fatun biyu hukuncin mai zane ne, kuma ya kamata zanen ya bambanta abin da aka auna da abin da aka kintata.

5.0 Iyakar bekta

Ba kowace komawa rasta ce kuskure ba. Inuwa da hasken da yake faɗowa ta taga su ne suke ba tsaga zurfi, kuma bekta ba ta ɗaukar su da kyau. Abin dubawa shi ne farashin. Takardar A1 a ɗigo 300 cikin inci tana da ɗigo 7016 sau 9933, kusan miliyan 70, wato fiye da megabait 200 kafin a matse. Idan aka sauko zuwa 150 domin fayil ya aiku, ɗigo ɗaya ya zama milimita 0.17, ya fi layin 0.13 kauri, kuma matsin JPEG zai kewaye kowane harafi da dusa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fitar da tagar hangen samfuri ɗaya sau biyu ba tare da an motsa ta ba: sau ɗaya da inuwa kawai, babu layi, a rasta mai matsakaiciyar ƙima, sau ɗaya da layuka da ciko da rubutu a bekta. Sai a ɗora ta biyu a kan ta farko. Domin su dace, a zana ƙaramin gicciye a kusurwoyi biyu masu fuskantar juna a cikin samfurin kansa, a wajen iyakar ginin, yadda zai fito a duka biyun. Idan gicciye ɗaya ya hau ɗan'uwansa ɗayan bai hau ba, sikelin ɗaya daga cikin fayilolin ya goce, sai a auna bangon a koma ga lissafin sashe na 4.2.